Buɗe WhatsApp a kan kwamfuta: yadda ake yi da abin da za ku kiyaye



Akwai tambayar da ake yawan kawo mana a teburin kariya: ana iya buɗe abin da ke cikin waya a kan kwamfuta? Galibi takarda ce dalili. Ɗan uwa ya turo hoton takardar haihuwa ko sakamakon makarantar yaro daga Maiduguri ko Mubi, ana so a buga a shagon intanet a Mokolo, Marwa ko Garwa.

Ana iyawa. Hanya mafi sauƙi tana nan tun 2015. A kwamfutar za a buɗe web.whatsapp.com, sai wani zane baƙi da fari mai kusurwa huɗu ya fito. Ku shiga WhatsApp a wayarku, ku danna ɗigo ukun da ke sama, ku zaɓi "Appareils connectés" idan wayar da Faransanci take, ko "Linked devices" idan da Turanci, sannan ku haska zanen da kyamara. Nan take duk hirarrakinku za su bayyana a allon.

To a nan muke so ku tsaya. Rufe shafin ba fita ba ne. Idan kun biya kuɗi kun tafi ba ku danna "Déconnexion" ko "Log out" ba, wanda ya zauna bayanku zai iya karanta saƙonninku, har da waɗanda za su shigo gobe da jibi. Ku tuna abin da ke ciki: hoton katinku na gudun hijira, sunayen yara, garin da sauran dangi suka fake. Wasunmu sun bar gida ne saboda mutanen da ke neman irin wannan labari. Idan kun manta, ba sai kun koma shagon ba. Ku shiga wurin da kuka haɗa a wayarku, za ku ga jerin na'urorin da ke haɗe, har huɗu yake ɗauka. Ku cire duk wadda ba ku gane ba. Hoton da aka sauke don bugawa kuma ku sa mai shago ya goge shi a gabanku, ya kuma goge shi daga kwandon shara na kwamfutar.

Hanya ta biyu ita ce manhaja irin su BlueStacks, wadda ke sa kwamfuta ta yi aiki kamar wayar Android. Tana cin data sosai kuma tsohuwar kwamfuta ba ta ɗaukarta. Gaskiya ba mu ba da shawararta. Idan aka yi rajistar lambarku a cikinta, za a turo muku lambobi 6 ta saƙon waya, kuma da zarar an shigar da su, WhatsApp ɗinku ya bar wayarku ya koma can. Kada ku karanta wa kowa waɗannan lambobi, ko da ya ce daga HCR yake. Ma'aikatanmu ba sa neman su, kuma duk hidimar hukumar kyauta ce.

Harkar kuɗi ba ruwanta da kwamfuta. Orange Money da #150# yake aiki, MTN kuma da *126#, kai tsaye daga layinku, lambar sirrin kuma ku da kanku za ku danna.

Wanda ya ga baƙuwar na'ura a jerin kuma ya kasa cire ta, ko aka ƙwace masa WhatsApp, ya zo mana da wayar mu duba tare. Dattawa da iyayenmu mata da karatun boko ke ba wuya za su iya zuwa da ɗansu ko jikansu.