Shinkafar Kabi Tana Jiran Masu Bincike

A shekarar 2015 aka buɗe shirin bai wa manoma rancen noman shinkafa a Birnin Kebbi, a 2017 kuma masana'antar WACOT ta fara casa a Argungu. Shinkafa ta samu, amma bashi mai yawa bai komo ba. To, me ya sa?

Lalle wannan tambaya ta ɗaliban ilmin kasuwanci ce, watau irin na Kwalejin Waziri Umaru da ke Gesse. Muna roƙonsu su rage kwafar labarin kamfanonin Ingila, su gangara fadamar Rima. Su zauna da manomi da dillali, su ƙididdige kuɗin taki, da man injin ban ruwa, da abin da ambaliyar 2020 ta cinye. Ku kuwa akawuna, in sun zo neman lissafi, ku buɗe musu littattafan ofis.