Shi ko Ita? Gardamar Masu Sauya Jinsi a Wasannin Mata da Yadda Jaridu Su Ke Ba da Labarinta

1. Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wata gardama ta taso a ƙasashen Turai da Amurka, har ta fita daga filayen wasa ta shiga majalisun dokoki da kotuna. Gardamar kuwa ita ce: mutumin da aka haifa namiji, daga baya ya sauya ya koma zaman mace, ko ya cancanta ya shiga gasar da aka keɓe wa mata? Labarin wannan al'amari ya kan iso mana ta rediyo da intanet, galibi an fassaro shi daga Turanci. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na lura jaridun waje su kan haɗa al'amura biyu daban-daban su kira su da suna guda, mu kuma in mun zo fassarawa sai mu ƙara na uku. Ban da wannan, nahawun Hausa ya kan sa mai fassara ya yanke hukunci tun bai gama jimlar farko ba, ko da bai nufa ba. Raba gardamar ba aikin malamin harshe ba ne. Maƙasudina in bayyana ta filla-filla, don wanda zai yi magana a kanta ya san abin da kalmominsa su ke ɗauke da shi.

2. Dalilin keɓe wa mata gasarsu

Kafin balaga, tazarar da ke tsakanin yaro da yarinya wajen gudu kaɗan ce. Sa'ad da yaro ya balaga, wani sinadari da a ke kira testostaron ya kan yawaita a jikinsa, ya ƙara masa tsawo da tsoka da kaurin ƙashi da girman zuciya da huhu. Saboda haka a tseren gudu gwanayen maza su kan fi gwanayen mata da misalin kashi 10 zuwa 12 cikin 100. A 2009 Usain Bolt ya yi mita 100 cikin sakan 9.58, alhali kuwa bajintar mata da Florence Griffith Joyner ta kafa a 1988 sakan 10.49 ce. Da za a haɗa kowa da kowa a tsere guda, da wuya a ga mace a zagayen ƙarshe. Wannan shi ne asalin keɓewar.

To, duk wanda ya yi shinge, tilas ya sa mai tsaron ƙofa. A gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta Turai da aka yi a Budapest a 1966, likitoci suka riƙa duba tsiraicin mata kafin a bar su su shiga. Da aka ga abin ya zama cin mutunci, sai a 1968 Hukumar Olamfik ta koma gwada ƙwayoyin halitta da a ke shafowa daga cikin kunci. Gwajin nan ya faɗa a kan waɗansu mata da ba su taɓa sanin akwai wani bambanci a jikinsu ba. Misali, María José Martínez-Patiño ta ƙasar Sifen ta faɗi gwajin a 1985, aka kore ta, aka soke bajintarta, sai a 1988 aka mayar da ita. A 1999 Hukumar Olamfik ta daina gwada dukan mata.

3. Iri biyu da a ke haɗawa

Iri na farko su ne masu sauya jinsi, watau waɗanda aka haifa da jikin namiji, suka girma a haka, daga baya suka koma zaman mata, galibi da taimakon magunguna, wani lokaci har da tiyata. A takardar nan zan kira kowannensu da wakilin sunan ajin da ya shiga gasa a cikinsa, don sauƙin ba da labari kawai. Ta farko da ta shahara ita ce Renée Richards, likitar ido, wadda wata kotu a Niyu Yok ta ba ta izinin shiga babbar gasar tanis ta Amurka a ajin mata a 1977. Sai Laurel Hubbard ta Niyu Zilan, mai ɗaga ƙarfe, wadda ta je Olamfik na Tokiyo a 2021 tana da shekara 43, ta gwada sau uku ba ta dace ba ko sau ɗaya. Sai kuma Lia Thomas ta Jami'ar Pennsylvania, wadda ta yi shekara uku tana ninƙaya a ƙungiyar maza, kana a watan Maris 2022 ta ci gasar jami'o'in Amurka ta yadi 500 a ajin mata.

Iri na biyu su ne waɗanda aka haifa, aka raɗa musu suna, aka rene su a matsayin mata, amma akwai bambanci a halittarsu wanda ya kan sa testostaron ya yi yawa a jininsu. Waɗannan ba su sauya kome ba. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Caster Semenya ta Afirka ta Kudu, wadda ta ci tseren mita 800 na duniya a Barlin a 2009. A 2018 hukumar guje-guje ta duniya ta kafa dokar cewa irin waɗannan mata ba za su yi tseren mita 400 zuwa mil ɗaya ba sai sun sha magani sun rage sinadarin. Semenya ta ƙi, ta kai ƙara kotun wasanni, ba ta yi nasara ba a 2019. Dokar nan ta taɓa mu nan kusa, gama ita ce ta hana Aminatou Seyni ta Jamhuriyar Nijar tseren mita 400 a gasar duniya ta 2019. Sai ta koma mita 200, har ta zo ta huɗu a duniya a 2022.

4. Hujjojin ɓangarorin biyu da sauyin dokoki

Masu cewa a hana sun kafa hujja da cewa abin da balagar namiji ta gina, magani ba ya rushe shi duka. Jini ya kan koma irin na mata cikin 'yan watanni, amma tsawo da ƙirar ƙashi ba su canjawa. Wani bincike da aka yi a kan sojojin saman Amurka, aka buga a 2020, ya nuna cewa bayan shekara biyu ana shan magani, bambanci a waɗansu atisaye ya gushe, amma a gudu saura rinjayen kashi 12 cikin 100. Suka ce kuma, lambar yabo ɗaya ce, in wani ya ɗauka wata ta rasa, a wasanni kamar dambe kuwa har da batun jin rauni.

Masu cewa a bari su kuma suna cewa mutanen nan ba su da yawa, binciken da aka yi a kan gwanayen 'yan wasa daga cikinsu kaɗan ne, kuma abin da ya shafi ɗaga ƙarfe bai shafi harbin kibiya ba. Suna tsoron kada dokar da aka yi domin manyan gasa ta kori yara daga wasan makaranta, kada kuma ta jawo a riƙa tuhumar duk macen da ta cika tsawo ko ƙarfi.

Dokoki sun yi ta juyawa tsakanin ra'ayoyin nan. A 2004 Hukumar Olamfik ta yarda su shiga in an yi tiyata, an kuma yi shekara biyu ana shan magani. A 2015 ta janye sharaɗin tiyata, ta ce a rage testostaron har tsawon wata 12. A 2021 ta bar wa kowace hukumar wasa ta tsara nata. Daga nan sai ƙofa ta soma rufuwa: hukumar ninƙaya a Yuni 2022, ta guje-guje a Maris 2023, ta tseren keke a Yuli 2023, duk suka hana wanda ya riga ya yi balagar namiji. A Fabrairu 2025 Shugaba Trump na Amurka ya sa hannu a dokar janye kuɗin gwamnati daga makarantun da suka bari. A Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta ce kalmar "mace" a dokar daidaito ta 2010 tana nufin mace a halitta. Daga Satumba 2025 kuma hukumar guje-guje ta dawo da gwajin ƙwayar halitta ga mata masu shiga manyan gasanninta.

5. Aikin jaridu

Hanyar farko da jarida ta ke karkata mai karatu ita ce suna. Wata ta ce "mace mai sauyin jinsi", wata ta ce "namiji a halitta", alhali mutum guda su ke nufi. Kowane suna ya riga ya ɗauki ɓangare.

Ta biyu ita ce lissafi. Sa'ad da hukumar guje-guje ta yi hani a 2023, ita da kanta ta ce babu ko mutum ɗaya irin wannan da ke shiga gasar ƙasa da ƙasa a lokacin. A Disamba 2024 shugaban ƙungiyar wasannin jami'o'in Amurka, Charlie Baker, ya shaida wa majalisar dattawa cewa waɗanda ya sani ba su kai 10 ba cikin 'yan wasa 510,000. Jaridun da ke son hani ba su cika ambaton wannan ba. Waɗanda ba su son hani kuma sai su tsaya a kansa, su manta da matan da suka rasa matsayi, ko su kira mai ƙorafi maƙiyiya ba tare da sun kawo hujjarta ba. Martina Navratilova, wadda Renée Richards ta taɓa horarwa, ta sha irin wannan suka a 2019 sa'ad da ta rubuta cewa abin ba adalci ba ne.

Ta uku ita ce hoto. Bayan nasarar Lia Thomas an yi ta yaɗa wani hoto da ya nuna ta ita kaɗai a gefe, mata uku sun taru a ɗaya gefen, aka ce ƙaurace mata suka yi. Daga baya ɗaya daga cikinsu ta bayyana cewa su ukun abokai ne tun Olamfik na Tokiyo, hoton tunawa su ke ɗauka. Jaridu da yawa kuma ba su faɗi cewa a gasar nan Thomas ta zo ta biyar a yadi 200, ta takwas a yadi 100 ba.

Ta huɗu, wadda ta fi muni, ita ce haɗa iri biyun nan. A Olamfik na Paris a Agusta 2024, 'yar damben Italiya Angela Carini ta janye bayan sakan 46 da fara karawa da Imane Khelif ta Aljeriya. Nan da nan labari ya gama duniya wai Khelif namiji ne da ya koma mace. Gaskiyar magana, wata hukumar dambe ta dakatar da ita a 2023 bisa wani gwaji da ba ta bayyana shi dalla-dalla ba, Hukumar Olamfik kuwa ta ce mace aka haife ta, mace aka rubuta ta. Ko mene ne gaskiyar gwajin, ba ta sauya jinsi ba. Jaridar Boston Globe, wadda ta kira ta haka a kanun labari, sai da ta nemi gafara.

6. Matsalar mai rubutu da Hausa

Turanci yana da kalma biyu, ɗaya ta halittar jiki, ɗaya ta matsayin da mutum ya ke zaune a kansa cikin jama'a, kuma gardamar duka a kan tazarar da ke tsakaninsu ta ke. Mu kuwa kalma ɗaya gare mu, *jinsi*, wadda muka aro daga Larabci, muna amfani da ita ga iri, ga nahawu, ga kuma ma'anonin nan biyu. Ashe in mun ce "sauya jinsi" ba mu faɗi abin da aka sauya ba.

Sa'an nan ga nahawu. Bature ya iya rubuta kanun labari da suna da aikatau kaɗai, ba a san namiji ko mace ba. Bahaushe kuwa sai ya ce, "Ɗan wasan ya ci, shi ne na ɗaya," ko "'Yar wasan ta ci, ita ce ta ɗaya." Mai karatu ya ƙidaya, zai ga sau biyar aka nuna jinsi a kowace jimla: *ɗan, ya, shi, ne, na*, da kuma *'yar, ta, ita, ce, ta*. Har a hira ba mafita, gama tilas a ce *kai* ko *ke*. Jam'i da *an* ko *aka* kuwa ba su nuna jinsi.

Muna da tsofaffin kalmomi biyu da su kan zo wa mai fassara a baki. *Mata-maza* ta halitta ce, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da sanin al'amarin, har littafin Muhtasar ya rufe da hukuncin gadon irin wannan mutum. Ta kusanci iri na biyu, amma ba ta dace da iri na farko ba ko kaɗan, kuma a bakin jama'a ta kan zama gori. *Ɗan daudu* kuwa namiji ne mai kwaikwayon mata a magana da tafiya da sana'a, babu batun likita ko sauya takardu a ciki. Wannan shi ne al'amari na uku da mu ke cusawa, wanda babu shi a asalin labarin.

7. Shawara

Ina ba da shawara uku. Na ɗaya, a rarrabe *jinsin haihuwa* da *jinsin zama* duk inda ma'ana ta bukata. Na biyu, kada a kira kowa mai sauya jinsi sai an tabbata, kada kuma a liƙa wa mace wani ciwo ko suna bisa ga hotonta. Na uku, tun da nahawu ba zai bar mu mu yi shiru ba, marubuci ya faɗi tarihin mutumin sau ɗaya a sarari, ya zaɓi *shi* ko *ita*, ya gaya wa mai karatu dalilinsa. Magana zarar bunu ce. Harafi ɗaya ne tsakanin *ya* da *ta*, amma a kansa mutuncin 'yar wani ya ke rataye, haka kuma haƙƙin matan da suka yi shekaru suna wahala don su tsaya a layin tsere. Allah ya sa mu dace.