Tecopa: ruwan wanka a yalwace, na sha sai an nema

A gabashin jihar Kalifoniya ta Amurka, kusa da kwarin Death Valley inda aka auna zafin da ya kai digiri 56.7 a shekarar 1913, akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Tecopa. Ƙidayar 2010 ta sami mutum 150 a cikinsa. Da bazara, ko kare ba ya son fita. Amma da zarar sanyi ya kama, sai filayen ƙauyen su cika da motoci masu ɗaki, irin waɗanda ke da gado da murhu da banɗaki da tankin ruwa a ciki. Yawancin masu su tsofaffi ne 'yan fansho da suka gudo wa ƙanƙarar arewa, wasu tun daga Kanada. Kamar 'yan ci-rani suke, sai dai su ba kuɗi suka zo nema ba, sun zo ne su jiƙa gwiwoyi da bayansu a ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa.

Mai irin wannan mota yakan ɗauka bai ɗora wa kowa nauyi ba, tunda da gidansa ya zo. A Tecopa wannan tunani bai tsaya da ƙafafunsa ba, kuma ruwa ne ke karya shi. Ruwan da ke warkar da gajiya a wurin wanka, shi ne wanda ba ya shayuwa: yana ɗauke da sinadaran asenik da fuloraid fiye da yadda jiki zai jure idan aka daɗe ana sha. Shekara da shekaru mazauna ƙauyen suna ɗaukar jarkoki zuwa Pahrump da ke jihar Nevada, tafiyar fiye da kilomita 50, su sayo abin sha da na girki. Wanda ya tsufa, ko motarsa ta lalace, sai ya dogara da maƙwabci. Daga baya ne aka kafa wata 'yar rumfa mai injin tace ruwa, inda ake zuwa a cika jarka. To, wannan rumfa da aka yi domin mutanen da ba su kai ɗari biyu ba, ita ce baƙo ke faka motarsa a gabanta. Ba haramun ya yi ba. Amma ya kamata ya san cewa layin da ya shiga an daɗe ana fafutuka kafin a same shi, kuma matar da ke bayansa ba ta da wani garin da za ta wuce gobe.

Za a ce ai baƙin nan su ne cinikin ƙauyen. Gaskiya ne, kuma babu mai musu a Tecopa. Jirgin ƙasan Tonopah da Tidewater da ke bi ta ƙauyen ya daina aiki a 1940, ma'adinan dalma da azurfa da suka tara mutane a da sun rufe. Abin da ya rage shi ne wuraren wanka, da filayen ajiye motoci, da 'yan gidajen abinci, da gonar dabino ta China Ranch da ke cikin wani kwazazzabo a kudu. Watannin sanyi ke ciyar da sauran shekara. Sai dai ba duk baƙo ne ke barin wani abu ba. Akwai wanda ya yi sayayyarsa kaf a Las Vegas, ya kwana kyauta a filin gwamnati inda doka ta yarda a yi kwana 14, ya yi wanka a kududdufin da ba a biyan ko sisi, ya cika tanki ya tafi. Shi ma ana lissafa shi cikin masu yawon buɗe ido, alhali ƙauyen bai ga komai daga gare shi ba sai sawun taya.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: me tankin mota zai rage, idan aka kwatanta da rijiyoyin burtsatse na manyan garuruwa da gonakin da ke zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasar yankin? Kaɗan ne ƙwarai, kuma duk wanda ya ɗora wa matafiya laifin raguwar ruwan hamada ya yi zalunci. Ɓarnar da baƙo ke iya yi ta wani fanni ce. Kogin Amargosa yawancinsa a ƙarƙashin ƙasa yake gudu, nan na ɗaya daga cikin wuraren da yake leƙowa, inda akwai 'yan fadamu masu ciyawa, kuma a cikin waɗannan fadamu ake samun wani ɗan ɓera da aka saka cikin jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa tun 1984. Fadamar da ke kewaye da ruwan wankan kyauta tana cikin mazauninsa. Kare ɗaya da aka saki, ko taya da ta bi ta kan ciyawa, ko ruwan wanke-wanke da aka zubar da dare don gudun biyan kuɗin wurin zubarwa, sun isa su yi illa a wuri ƙarami haka.

Abin da mazauna ke nema bai taka kara ya karya ba. Ka cika tankinka tun daga birni, ka zubar da ƙazantar motarka inda aka tanada, ka yi wanka da sabulu kafin ka shiga ruwan jama'a kamar yadda dokar wurin ta ce, ka sayi dabino da abincin dare a cikin ƙauyen. A watan Afrilu motocin za su fara watsewa, masu gari kuma su koma lissafin ko abin da aka tara zai kai su Oktoba.