Allunan Ƙarfe da Katako: Ingancinsu Yana Ga Gam da Gefuna

Kayan ginin da ake haɗa ƙarfe da katako falle bisa falle suna ba da ƙwari ba tare da nauyi mai yawa ba, amma ingancinsu ya dogara ne kacokan a kan abin da ya riƙe fallayen tare.

Idan aka ɗora nauyi a kan allo, fuskar sama ce ke matsewa, ta ƙasa kuma ta miƙe, tsakiyar kuwa ba ta shan wahala sosai. Saboda haka masana'antu ke manna siririn ƙarfe ko alminiyam a fuskokin biyu, su bar katako a tsakiya. Ƙarfe ya fi katako mai taushi ƙin lanƙwasa da kimanin ninki 20.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun cikin shekarun 1920 kamfanin Haskelite na Amurka yake sayar da irin wannan allo da sunan Plymetl, a shekarun 1940 kuma kamfanin Vought ya ƙera jiragen saman yaƙi da alminiyam mai katakon balsa a ciki. A yau ana yin ƙofofi, tagogi da bangayen raba ofis da su.

Matsalar ita ce kayan biyu ba halinsu ɗaya ba. Zafi ne ke miƙar da ƙarfe, katako kuwa laima ce ke kumbura shi. Alminiyam mai tsawon mita 3 yakan ƙaru da kusan milimita 3 idan zafinsa ya hau da digiri 40, alhali tsawon katakon da ke manne da shi bai wani motsa ba. A Nijeriya, inda katako ke shan laimar damina sannan ya bushe ƙayau da hunturu, gam maras kyau ba ya jure wannan ja-in-ja; sai fallayen su ɓamɓare.

Gefen da ba a rufe ba ya fi haka haɗari. Ruwan da ya shiga ta nan ba ya samun hanyar fita, gara kuma takan cinye cikin ƙofa alhali fuskarta tana ta sheƙi.

Don haka ya kamata mai shigo da kayan ya nemi a yanka masa samfuri ya ga cikinsa, ya kuma sa masana'anta ta rubuta kaurin ƙarfen da irin gam ɗin a takardar ciniki kafin ya biya kuɗi. Akwai allunan alminiyam masu kama da waɗannan da roba ce a cikinsu, irin waɗanda suka rura gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, inda mutum 72 suka rasu.