Shekarun takarda da shekarun jiki

Duk wanda ke zama majalisar samari a unguwar Kambarawa ta Katsina da yamma ya san wannan zance. An buɗe ɗaukar aiki a banki ko wani kamfani, amma da sharaɗin kada mai nema ya haura shekara 26 ko 27. Sai ka ga kowa ya hau lissafi da yatsu.

Lissafin kuwa ba ya fita. Ɗauki yaron da ya fara da makarantar allo kafin boko, ya maimaita JAMB sau biyu, sannan ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Yajin aikin ASUU ya ci masa wata 9 a 2020, ya ƙara cin wata 8 a 2022. Ga shekarar bautar ƙasa, wadda ita kanta gwamnati ke karɓar mutum cikinta har zuwa shekara 30. Yana tuɓe kaki sai a ce masa ya tsufa, alhali ba shi ya rufe jami'ar ba.

A 2019 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudirin hana wariyar shekaru a hukumomin tarayya, amma bai zama doka ba. A Yulin 2023 Sanata Abba Moro na Binuwai ya sake tayar da batun, Majalisar Dattawa ta yi kira a daina. Kira dai ba ya ɗaure kowa. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana wariya kan ƙabila, addini da jinsi, amma bai ambaci shekaru ba, kuma ta wannan ƙofa ake bi.

Masu kare sharaɗin suna da hujja a aikin soja da ɗan sanda, inda ake bukatar ƙarfin jiki. A aikin ofis kuwa, rariya ce kawai ta tankaɗe dubban masu nema, sannan ƙaramin yaro ba ya musu kan albashi.

Abin da wannan ya haifa shi ne rage shekaru. Ana zuwa kotu a yi takardar rantsuwa, a zubar da shekara huɗu ko biyar. Daga baya mai takardar ya tsufa a kujera, jiki ya gaji, takarda na cewa bai kai 60 ba, gurbin da wani matashi ke jira ya ƙi buɗewa.

Kwafo dokar Amurka ta 1967 da ta hana wariyar shekaru wajen aiki ba zai yi magani ba, domin 'yan shekara 40 zuwa sama take karewa, namu kuwa tun yana 28 ake kora. 'Yan majalisar Katsina da ke Abuja su dawo da ƙudirin 2019, kuma a wannan karon ya haɗa da bankuna da kamfanoni masu zaman kansu.