Ranar Farko a Birni: A Bar Sautu Sai Gobe

Da zarar an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, an ɗaure harawa a kan bishiya, sai ka ji samari da magidanta a ƙauyukan Ɓichi da Ɗambatta da Tsanyawa suna shirin leƙa birni. Wasu za su kai amarya ta ga gari, wasu kuma yara za su nuna wa Dutsen Dala. Akasarinsu kuwa a gajiye suke komawa, ba su ga komai ba sai cunkoso, kuma sautu ne yake jawo musu haka.

Kowa ya san yadda ake yi. Inna ta ba ka kuɗin atamfa a Kantin Kwari, Kawu yana son a duba masa waya a Farm Centre, maƙwabci ya ce tunda za ka, ka biya Sabon Gari. Kafin ka sauke nauyin mutum uku la'asar ta yi. Ni dai shawarata, a karɓi sautun, amma a ce musu sai rana ta biyu.

Mutumin karkara yana da abin da ɗan birni ba shi da shi, wato sammako. Wanda ya saba fita gona bayan asuba, in ya hau motar farko ya bi ta Dawanau ya sauka a Ƙofar Ruwa, zai iso gindin Dala rana ba ta yi zafi ba. A nan ya kamata a fara. Matakala ce, a hau a hankali, a huta a tsakiya in da dattijo a tafiyar. Daga sama ana hango Gwauron Dutse, da hasumiyoyin Babban Masallaci, da ragowar ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen shekara ɗari tara da suka wuce. Amfanin hawan ke nan: baƙo ya gane gabas da yamma kafin ya faɗa lunguna. Lokacin hunturu dai hazo kan rage nisan gani.

In an sauko a karya kumallo, gurasa ko waina, a zaune. Sannan a tari a-daidaita-sahu, domin tun 2013 aka hana acaɓa a cikin Kano. A yi ciniki kafin a shiga.

Wuri na biyu Gidan Makama, daura da fadar Sarki. Ginin ƙasa ne tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan tarihi ne. Ɗakunansa da sanyi, ya dace da hantsi. Bakano na ƙauye zai yi dariya ya ga an adana irin kayan da har yanzu suke ɗakin kakarsa, amma ya tsaya ya dubi tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan zuwan Turawa a 1903. Azahar a yi ta a Babban Masallaci, ƙafa ma ta isa. In ranar Juma'a ce, a san cewa hanyoyin wajen suna cushewa tun kafin a shiga huɗuba.

Bayan an ci abinci an ɗan miƙe ƙafa, sai marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Kada a yi gaggawa a nan. Marini yana zaune a bakin rami, ya tsoma yadi cikin ruwan baba da toka, ya ɗago shi, ya sake tsomawa. Ka lura da kyau: yadin yana fitowa da ɗan kore-kore, iska ce take mayar da shi shuɗi a gaban idonka, shi ya sa ba a barinsa a nutse. A gefe kuma mabuga suna dukan shadda a kan gungume har ta yi ƙyalli. A nemi izini kafin a ɗauki hoto, a kuma ɗan ba da na goro.

Kasuwar Kurmi da Gidan Zoo su jira gobe, tare da atamfar Inna. Wanda ba zai kwana ba ya kama hanyar tasha da la'asar sakaliya, tun kafin 'yan kasuwa su tashi titin Katsina ya toshe.