Mamman Nasir: Lauyan Sardauna da ya zama Galadiman Katsina

Wani dattijo mai sayar da atamfa a Dantokpa ya same ni a gida nan Sainte-Rita bayan la'asar. Ɗansa, wanda na koyar tun yana aji uku, ya ci jarrabawar BAK, kuma ya kafe sai karatun lauya a Jami'ar Abomey-Calavi. "Malam, ka ja masa kunne," in ji shi. "Lauya ai ƙarya yake ci, kuma dokar Nasara ce." Na ce, "Alhaji, zauna a kawo shayi, in ba ka labarin wani Bakatsine."

An haifi Mamman Nasir a Katsina a 1929. Ya yi Kwalejin Kaduna, daga baya ya haye Ingila, inda aka rantsar da shi lauya a Lincoln's Inn ta birnin Landan a 1955. A lokacin, lauyoyi 'yan Arewa ba su kai a ƙirga da yatsun hannu biyu ba. Ya dawo ya zama lauyan gwamnati, sai ga shi a 1961 Sardauna Ahmadu Bello ya ba shi ministan shari'a na Jihar Arewa, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Tsarin mulkin lokacin irin na Ingila ne, minista a zauren majalisa yake tsayawa ya kare doka da bakinsa.

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. A 1960 Arewa ta soma aiki da sabon kundin hukunta laifuka, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, wadda Sheikh Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962. Alƙalan da suka tashi da littattafan Malikiyya sai da suka koyi hukunci da lambar sashe. Dole a samu wanda ya san harshen ɓangarorin biyu. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ne ya katse wannan zamani.

Sojoji ba su raba shi da aikin shari'a ba. A 1975 ya shiga Kotun Ƙoli, a 1978 kuma ya zama shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, ya riƙe ta har 1992. Shekarar da ya hau ita ce shekarar da wakilai Musulmi suka fice daga zauren tsara kundin mulki saboda batun Shari'a. Sulhun da aka yi ya faɗo kan kotunsa: kundin 1979 ya ce lallai a samu aƙalla alƙalai uku masana dokar iyali ta Musulunci a cikinta. Da ya ajiye aiki, aka naɗa shi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi. Ya rasu a watan Afrilu 2019.

Ban ɓoye wa Alhaji ba cewa akwai inda ake sukarsa. Ya shugabanci kwamitin aiwatar da shirin miƙa mulki na Janar Abacha, shirin da bai kai ko'ina ba. Ni kaina wannan yana yi mini nauyi.

Sannan na dawo da shi gida. Tun 2004 dokar iyali ta Benin auren mace ɗaya ta sani, wanda aka ɗaura a ofishin magajin gari. Ranar da mai mata biyu ya rasu a Zongo, rigimar gado ta kai kotu, da Faransanci za a yi ta, kuma amarya da aurenta na masallaci ba ta da takardar da za ta nuna. Na tambaye shi, "A Zongo nan, lauya nawa ka sani da zai fahimci kukanta da Hausa?"

Ya yi shiru yana juya kofin shayi. Da zai hau zemijan ya waiwayo ya ce, "Karatun nan shekara nawa ne?"